Yaya zan gane ainihin lafiyar Peugeot 504 da ta yi shekara takwas a ajiye?

Magajin Malam, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar gyaran mota. Ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina son duk mai ba ni shawara ya san yadda al'amarin yake tun daga tushe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara, kuma daga cikin abin da ya bari akwai mota Peugeot 504 salun, ƙirar 1983, haɗin Kaduna, mai injin fetur na lita 2 da giya huɗu. Sabuwa ya saye ta da bashin mota lokacin da yake aikin gwamnati, kuma hannunsa kaɗai ta sani, domin ko mu 'ya'yansa bai taɓa yarda mu riƙe sitiyarinta ba. Da idonsa ya yi rauni shekara takwas da suka wuce, sai ya sa aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida aka lulluɓe ta da tamfol, kuma tun daga ranar ba a sake tayar da ita ba. Mitarta tana nuna kilomita 61,400, amma lambobi biyar ne kawai a jikin mitar, saboda haka babu wanda ya san sau nawa ta cika ta sake daga farko.

Yanzu an zo rabon gado, kuma malamin da zai raba ya ce sai an yi wa kowace kadara kima. Ni ina son motar ta faɗo cikin rabona. Na kira bakanike biyu, kowa ya zo shi kaɗai. Na farko bai gama ɗaga bonet ba ya ce injin ya mutu, a sauke shi a ɗora na wata motar Japan, ya kuma yi mata kuɗi irin na 'yan gwangwan. Na biyu ya ce Fijo ba ta mutuwa, batir da fetur kaɗai take jira, ya yi mata kuɗi har ninki biyar na abin da na farkon ya faɗa. Cikin magada akwai ƙannena biyu da ba su balaga ba, ina tsoron in karɓi motar da araha in ci haƙƙin marayu, kuma ba na son in karɓe ta da tsada sannan in gano cewa gawa aka ba ni.

Tambayata ita ce: wane mataki ake bi, ɗaya bayan ɗaya, a tantance lafiyar inji da sauran kayan ƙarfen tsohuwar mota irin wannan ba tare da an kwance ta ba, kuma me ake aunawa wanda za a iya rubutawa a takarda a nuna wa sauran magada? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa. Ɗana, ka yi dabara da ba ka bi maganar ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne kada ka bari kowa ya kawo batir ya murɗa makullin motar nan tukuna. Injin da ya yi shekara takwas a tsaye babu ɗigon baƙin mai da ya rage a jikin mital, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a cikinsu, da bangon silindarsa, duk ya tsiyaye ya koma ƙasa. Idan aka tayar da shi a haka, ɓarnar da za a yi masa cikin minti ɗaya ta fi wadda zaman shekara takwas ya yi masa.

Ka fara da zaro sandar awon baƙin mai ka dubi abin da ke jikinta a cikin rana. Idan baƙi ne wuluk, ko da ya yi kauri, babu damuwa. Idan ya yi launin shayi mai madara, ko kuma ya haura alamar cika nesa, to ruwa ya gauraya da shi. Amma kada ka tsaya nan, domin a motar da ta daɗe a ajiye ruwa yakan rabu da mai ya kwanta a ƙasa, sandar ba ta kai gare shi ba. Sai a sassauta nocin kwanon ƙasa a hankali a ga abin da zai fara ɗigowa. Idan ruwa ne ya fara fitowa kafin mai, ka rubuta, domin wannan babbar magana ce a injin 504, kuma zan faɗi dalili.

Bayan haka a kwance fulogi huɗun, a jera su bisa tsarin da aka ciro su. Fulogin wannan inji suna can cikin rijiyoyi masu zurfi a tsakiyar murfin bawul, saboda haka a hure ƙura da ƙasa kafin a kwance, kada su zuba cikin silinda. Fulogin da bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana nuna silinda mai ƙona mai yadda ya kamata, wanda ya yi baƙi busasshe kamar garin gawayi yana nuna fetur ya yi yawa, wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ko hanyar bawul ta ci, wanda kuma ya fita fes kamar an wanke shi, ko ya yi tsatsa, shi ne abin tsoro, domin ruwa ne ya wanke shi. A zuba kamar cokali biyu na baƙin mai mara kauri a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a sa sifana a nocin fulin gaba a juya injin da hannu. Idan ya zagaya sau biyu sumul, ka gode wa Allah. Idan ya cije, kada a sa dogon bututu a danna da ƙarfi, kuma kada a yarda da masu cewa a ja motar da igiya a saki kuloci, domin ta haka ake karya ringi. A ƙara mai a ba shi kwanaki.

Dalilin da ya sa na damu da ruwa shi ne, silindar wannan inji ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa a cire, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye, kuma abin da ya raba wannan ruwa da baƙin mai siririn shimfiɗi ne a gindin kowane silif, wanda tof ɗin inji, wato kan da ya rufe silindu, ke danne shi daga sama. Wannan tsari alheri ne, domin idan inji ya tsufa sai a sayi sabon silif da fistin a mayar da shi kamar sabo ba tare da an kai bulok wajen masu gogewa ba. Amma yana da sharaɗi: duk wanda ya ɗaga tof, sannan ya juya inji ba tare da ya ɗaure silif ɗin ba, ya motsa gindinsu, kuma daga ranar ruwa zai riƙa sauka cikin mai. Na ga injuna da yawa da lafiyarsu ƙalau sai da aka buɗe su domin a duba lafiyarsu. Saboda haka kada ka yarda a buɗe tof domin leƙe kawai.

Idan injin ya juya, a zubar da tsohon mai a sa sabo, lita huɗu yake ci, a canza filta, a cika lagireto a duba tiyo-tiyo. Kada a yi amfani da abin da ke cikin tanki, domin fetur na shekara takwas ya zama danƙo, kuma zai toshe kafireta ya liƙe bawul. A ba injin sabon fetur daga galan ta tiyo, a ajiye abin kashe gobara kusa. Kafin a mayar da fulogi a buga kik har fitilar baƙin mai ta mutu, sannan a mayar a tayar.

Tashin farko zai yi hayaƙi saboda man da aka zuba, kada wannan ya tsorata ka. Hayaƙin da za ka yi hukunci da shi shi ne na washegari da safe, lokacin da injin ya kwana ya yi sanyi. Shuɗi na ɗan lokaci wanda ya ɗauke, hanyar bawul ce, gyara mai sauƙi. Shuɗi mai ƙaruwa idan an taka totur, ringi ne. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama, gasket ne, wato shimfiɗin da ke tsakanin tof da bulok. Ka kuma kasa kunne: ƙas-ƙas a sama saitin bawul ne kuma ba komai ba ne, kacau-kacau a gaba sarƙar tayimin ce, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga can ƙasa, wadda ke ƙaruwa idan injin ya yi zafi, ita ce ke sauke inji.

Malamin Fasaha, Kano

Allah ya jiƙan mahaifinku. Duk abin da Baba ya faɗa daidai ne, kuma ban da abin da zan cire a ciki. Sai dai kunne irin na Baba shekara arba'in ake yi kafin a same shi, kuma ba a iya ɗaukar sa a ajiye gaban malamin rabon gado. Abin da ɗan'uwa yake bukata shi ne adadi, kuma agogo uku ne za su ba shi, waɗanda ake samu a wajen manyan kanikawa ko a sashen koyar da gyaran mota na makarantun fasaha.

Na farko shi ne agogon kwamfireshin, wanda ke auna ƙarfin matsin da fistin ke yi wa iska a cikin kowace silinda. Sharuɗɗansa suna da muhimmanci, domin mafi yawan awon da ake yi a gareji ba a cika su. Dole injin ya kasance da ɗumi, a cire fulogi duka huɗun ba ɗaya kaɗai ba, a cire wayar kwil, a take totur har ƙasa domin iska ta shiga sosai, batir ya kasance cike, kuma a buga kik adadi ɗaya ga kowace silinda, misali har allurar ta daina hawa. Inji irin wannan mai lafiya yakan ba da ba (bar, ma'aunin matsi) 10 zuwa 12, wanda ya tsufa amma yana aiki yakan tsaya wajen 9, wanda ya sauka ƙasa da 7 kuwa ya gaji. A tuna cewa Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, kuma iska tana raguwa da hawa, saboda haka awon can zai ɗan gaza wanda za a samu a Legas da injin guda. Wannan ya sa abin da ya fi adadin kansa muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silinda huɗun. Idan mafi ƙanƙanta bai gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, injin ya tsufa ne baki ɗaya cikin daidaito, kuma irin wannan yakan yi shekaru yana aiki.

Idan aka sami silinda mai rauni, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. Idan adadin ya yi tsalle, ringi ne ke yoyo, domin man ya toshe gefensu na ɗan lokaci. Idan bai motsa ba, iskar ta sama take gudu, wato bawul ko gasket. Idan kuwa silinda biyu maƙwabta ne suka yi ƙasa tare, mafi yawa gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Amma ina jan hankali a kan abu biyu. Na ɗaya, ringin injin da ya daɗe a ajiye yakan maƙale a cikin ramin fistin, kuma yakan saki da kansa bayan an yi ɗan tafiya, saboda haka awon ranar farko ba hukunci ba ne, a maimaita bayan injin ya yi wasu awoyi yana aiki. Na biyu, kafin a ɗora wa bawul laifi a auna tazararsa da siraran ƙarafunan awo, injin yana da sanyi sosai, wato ya kwana bai tashi ba. A wannan inji bawul na shigar iska milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi kuma 0.25. Bawul ɗin da ya rasa tazara ba ya rufuwa gaba ɗaya, sai ya nuna kamar injin ya mutu alhali sukudireba da sifana kaɗai yake nema.

Agogo na biyu shi ne na matsin baƙin mai. Fitilar da ke gaban direba ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa, saboda haka mutuwarta ba shaida ba ce cewa mital yana da lafiya. A kwance suwic ɗin fitilar a ɗaura agogo a gurbinsa, a bar injin ya yi zafi sosai, aƙalla rabin awa, domin mai mai sanyi yana da kauri kuma yana ɓoye aibi. A silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ana son ya tsaya kusa da ba 1, idan an ɗaga totur zuwa gudun hanya ya hau wajen 3 ko sama. Idan ya faɗi kusa da sifili a silo, kuma bai wuce 2 ba ko da an taka, mital da kiranshaf sun ci, ko famfon mai ya gaji. Ka tabbata da sabon man da ka zuba da hannunka aka yi awon, domin akwai masu zuba mai kauri irin na giya su rufe bakin inji.

Na uku shi ne agogon zuƙar iska, wanda ake haɗawa da bututun da ke ƙarƙashin kafireta. Allurar da ta tsaya cik tsakanin inci 17 da 21 a silo alamar lafiya ce, kuma ana rage kimanin inci ɗaya ga kowace mita 300 ta tudu. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai tana nuna bawul mai yoyo, wadda ke yawo a hankali kuma tana nuna kafireta ce ke son saiti.

Game da zafi, a buɗe murfin lagireto tun injin yana da sanyi, a tayar, a zuba ido. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa tana nufin iskar silinda tana shiga ruwa. Tof ɗin wannan inji na alminiyom ne a kan bulok na zubin ƙarfe, kuma ruwan rijiya da aka yi shekaru ana zubawa yakan cinye hanyoyin ruwan da ke cikinsa, ya kuma cika lagireto da laka. Sai na'urar awon wuta: batir a zaune volt 12.6, lokacin kik kada ya sauka ƙasa da 9.6, idan injin yana aiki kuma ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Mitar kilomita kuwa ka manta da ita, roban totur da na birki da yadda suka suɗe sun fi ta faɗin gaskiya.

Direban Wagon, Maraɗi

Gaisuwa ga Baba da Malam, da ta'aziyya ga ƙanena. Ni ba bakanike ba ne, amma na yi shekaru ina jan 504 wagon tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma zan faɗi abin da na ga ba a taɓo ba. Duk maganar ta tafi kan inji, alhali a wannan mota inji shi ne abu mafi sauƙin gyara. Abin da ku kuke kira fulogi mu buji muke ce masa, amma silif da fistin sunansu ɗaya a kowace kasuwa, kuma ana samun su. Abin da ba a saya a shago shi ne jikin motar.

504 salun ba ta da shasi daban irin na babbar mota, bodin ne da kansa yake ɗauke da komai. Saboda haka a hau da ita kan rami, a ɗauki sukudireba a riƙa caka ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen ƙafar direba bayan an ɗaga shimfiɗa, da ƙasan but, da mazaunin batir, da saman inda shokazoban gaba ke ɗaure, da wuraren da kayan ƙafar baya suka kama jiki. Tamfol da aka lulluɓa mata yana tare ƙura, amma yana riƙe danshin damina takwas. Idan tsatsa ta huda but ko mazaunin batir, aikin mai walda ne na yini ɗaya. Idan ta cinye inda ƙafafu suka kama, kimar motar ta faɗi ko da injinta yana waƙa. A kuma bi jikin ƙofofi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa foti ne aka cika.

Sunan da motar nan ta yi, har ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ba ƙarfin gudu ne ya jawo shi ba, ƙafafunta ne masu dogon numfashi da kuma yadda farfelarta take tafiya a cikin bututun ƙarfe wanda ya haɗa giyabos da aksil. Ka leƙa ka ga wace iri ce taka, domin akwai salun mai aksil guda miƙaƙƙe, akwai kuma wadda kowace ƙafar baya take motsi ita kaɗai, kuma a wannan ta biyun sai an duba robobin da ke rufe da sandunan da ke juya tayoyin baya, domin idan sun yage ƙasa ta shiga. A ɗaga kowace taya da jak a girgiza ta sama da ƙasa domin boris da boljoyin, a girgiza hagu da dama domin tayarod. A danna kowace kusurwa a saki, idan ta yi lilo fiye da sau ɗaya shokazoba ya mutu.

Birki kuwa ba na duba shi a motar da ta yi shekara takwas a tsaye, sabunta shi nake yi. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma wanda ya yi takwas ya riga ya sa tsatsa a cikin masta, wato babban famfon birki, da silindun ƙafa. Feda tana iya yin tauri a tsakar gida, sannan ta nutse har ƙasa a taka ta uku a kan titi. Ka sa kuɗin robobi da tiyo da mai duka a lissafi tun yanzu. Haka tayoyi: a gefen kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma ko zanenta bai taɓu ba, shekaru sun ƙona ta.

Sai bayan an gyara birki za a fita gwaji, da sassafe, a hanyar da ba cunkoso. A sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali a take totur sosai: idan ƙarar inji ta tashi amma motar ba ta ƙara gudu ba, faifan kuloci ya ƙare. A sauko daga ta uku zuwa ta biyu a ji ko za ta yi gurnani. A taka a saki a kowace giya a ga ko za ta fita da kanta. Kukan da ke canzawa tsakanin taka totur da sakinsa na aksil ne, wanda ke bin gudun taya kawai na boris ne. A gangara doguwar gangara ba a taka totur ba, sannan a taka, wani yana biye a baya yana kallon salansa. A ƙarshe a cika tanki, a yi tafiya mai sanannen nisa, a sake cikawa. Lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 shi ne cin irin wannan mota a doguwar hanya.

Magajin Malam, Zariya

Baba, Malam, da Yaya na Maraɗi, Allah ya saka muku da alheri. Na yi mako uku ina bin abin da kuka faɗa, tare da wani dattijon bakanike da ya yarda ya yi aikin a gaban yayana da kawunmu. Ga abin da muka samu.

Babu ruwa a ƙasan mai. Injin ya cije da farko, amma ya saki a kwana na huɗu, ya kuma tashi bayan an wanke kafireta an canza kwantak da kondensa. Kwamfireshin bayan ya yi awoyi yana aiki: 9.5, 9, 6, 9.5. Da aka zuba mai a silinda ta uku bai wuce 6.5 ba. Washegari muka auna bawul, muka tarar na fitar hayaƙi na wannan silinda ba shi da tazara ko kaɗan. Da aka saita shi a 0.25, awon ya hau zuwa 8.5. Matsin baƙin mai da zafi ya kusa ba 1 a silo, ya kai 3 idan an taka. Babu kumfa a lagireto, amma allurar zafi tana hawa idan motar ta daɗe a tsaye tana aiki, kuma mun ga babu tamostat a ciki. Masta tana yoyo, birkin baya na dama ya kama. Tsatsa ta huda mazaunin batir da kusurwar but, sauran wuraren sukudireba bai shiga ba. Akwai kacau-kacau a gaban injin na ɗan lokaci da safe. Shin da wannan sakamako za a ce injin yana da lafiya, kuma yaya zan mayar da shi kima?

Malamin Fasaha, Kano

Alhamdu lillahi, wannan ba injin da za a sauke ba ne. Tazarar da ke tsakanin 8.5 da 9.5 kashi 10 ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari, kuma matsin mai ya nuna ƙasan injin yana da sauran rai. Amma ban sallami silinda ta uku ba. Tazarar bawul ba ta ɓacewa haka kawai: ko dai wanda ya yi saitin ƙarshe ya matse shi, ko kuma bawul ɗin yana nutsewa cikin mazauninsa, kuma wanda ya yi aiki a buɗe yana shan wuta yakan fara ƙonewa a baki. Ka yi tafiyar kilomita 500, ka sake auna tazarar da kwamfireshin. Idan suna nan yadda kuka bar su, magana ta ƙare. Idan tazarar ta sake raguwa, sai an ɗaga tof an gyara mazaunin. Tun da rabon gado ba zai jira wannan ba, ni a ganina a sa kuɗin aikin tof cikin lissafi.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Aikin da ba a tabbatar da bukatarsa ba, idan aka cire kuɗinsa duka daga kimar motar, marayu ne za su yi asara, shi kuwa ɗana ya ci riba idan bawul ɗin ya zauna lafiya. Abin da na ga dattawa suna yi shi ne a bayyana wa malamin rabon gado shakkar yadda take, a bar shi da waliyyin yaran su yanke ko rabin kuɗin za a cire.

Ɗana, ka nemi dillalai uku masu harkar tsofaffin Fijo, kowa daban, su faɗi kuɗin irin wannan mota mai tafiya da ƙafarta, da injinta na asali da takardunta, domin wadda aka ɗora wa injin wata mota ba kuɗinsu ɗaya ba a wajen masu neman ta. Sannan ka rubuta abin da ya tabbata: kayan birki gaba ɗaya, taya biyar, batir, wankin tanki, tsefe lagireto da sabon tamostat, tiyo da fanbel, waldar wuri biyu, da sarƙar tayimin tare da abin da ke ɗaure ta, domin kacau-kacau ɗin safiya nata ne, kuma ana canza ta daga gaba ba tare da an taɓa tof ba. Ka tambayi farashin kowanne a shago uku, a Panteka nan Kaduna ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ka ɗauki na tsakiya, ka haɗa da kuɗin aiki ka cire daga abin da dillalan suka faɗa. Abin da ka riga ka kashe daga aljihunka wajen tayar da ita shi ma ka rubuta shi daban da rasit.

Zafin da take yi a tsaye kuma, kafin ku zargi wani abu ku duba fankar. Wasu injinan 504 suna da fanka mai kama kanta da wutar lantarki idan ruwa ya yi zafi, kuma idan suwic ɗinta ko gawayinta ya mutu sai ta riƙa juyawa a banza ba ta jan iska, a kan hanya ba a gane ba sai an tsaya. Ka gaya mini ko taka irin wannan ce ko kuwa an riga an ɗaure ta da noti.